Yanda zaka ɗauko hotuna masu kyau a tsibiran Ada da 'yar ƙaramar kyamara

Bayan ƙaramar salla muka haɗa kuɗi mu shida 'yan bes ɗinmu, wato majalisar hirarmu ta unguwar Nima, muka tafi Ada Foah kwana biyu, da muka dawo ana zaune wajen ataya kowa ya fito da hotunanshi, sai gardama ta kaure wai ni da babbar kyamara naje na ɓoye musu. Wallahi babu wata babbar kyamara, 'yar mitsitsiyar nan ce mai shiga aljihun gaban riga, ita ma ta hannu na saya. Abun da basu sani ba shine wannan zuwana na uku kenan. Zuwan farko yashi ya kashe min kyamara tun ranar da muka sauka, na biyu kuma na dawo da kati cike da hotuna amma fuskokin mutane duk baƙi ƙirin sai haƙora kawai kake gani. Toh abun da na koya a tsakani ne zan zayyana ma, daga shiri a gida har dawowa.

Ga wanda bai taɓa zuwa ba, Ada Foah tana gabas da Ankara babban birnin Gana, tafiyar sama da kilomita 100 kaɗan, ka bi hanyar Tema ka miƙe titin Aflao, in ka kai Kasseh sai ka karya dama ka wuce ta Big Ada har ƙarshen titi. Anan ne kogin Volta yake zubawa cikin teku, kuma kafin ya zuba ɗin ya rarrabu ya bar tsibirai a tsakiyar ruwa, su Pediatorkope da Aflive da Azizakpe da Alorkpem, ko wanne da mutanenshi da bishiyoyin kwakwa, kwale-kwale ne kawai motarsu. Ba sai ka nemi biza ko kuɗin jirgi zuwa Zanzibar ba kafin kace kaje tsibiri.

Mataki na farko tun a gida yake

Kar ka bari sai daren tafiya ka ɗauko kyamara daga cikin akwati. Kwana uku kafin nan ka cika batir, ka fita unguwa ka ɗauki hotuna kamar hamsin ka ga layi nawa ya rage, don batirin waɗannan ƙananan ba shi da ƙarfi, in ya tsufa kuma sai ya nuna ma a cike yake minti goma ya faɗi ƙasa. Ka nemi na biyu. A Circle cikin Ankara wajen Tiptoe Lane zaka samu, amma ka tafi da kyamarar a saka a gabanka ta kunna kafin ka miƙa kuɗi. Wasu tsibiran da sola suke amfani, wasu masaukan kuma janareto ne na 'yan awoyi da dare, saboda haka in taka tana caji ta USB ka riƙe fawabank.

Katin memori guda biyu matsakaita sun fi guda ɗaya babba, in ɗaya ya lalace baka yi asarar tafiyar gaba ɗaya ba. Ka kwashe abun da ke ciki zuwa kwamfuta sannan kayi masa fomat a cikin kyamarar kanta ba a kwamfuta ba.

In kuma yanzu zaka saya, ni dai ga ra'ayina. Sony RX100 da Canon G7 X suna da babban sensa, wato abun da ke kama haske a cikin kyamara, na inci 1, hotonsu da yamma da cikin inuwa yafi tsafta nesa ba kusa ba, sai dai tsada kuma basa son ruwa ko kaɗan. Panasonic Lumix TZ zum ɗinta ne abun so, tana jawo tsuntsu daga nesa. Olympus Tough TG-6 kuwa ita don wahala aka yi ta, tana shiga ruwa har mita 15, gilashinta baya fitowa waje balle yashi ya maƙale. In da yara zaka je ita zan ce ka nema. Amma duk wadda ke hannunka, ko tsohuwar IXUS ɗin da Alhaji ya dawo da ita daga Makka ce, zata yi aiki in ka bi abun da ke tafe.

Sai 'yan tarkace: leda mai zif guda biyu ko uku, ƙyallen goge tabarau, 'yar robar hura iska in kana da ita, da 'yan ƙullin nan masu shan danshi da ake samu cikin kwalin sabon takalmi, ka jefa biyu cikin ledar. Da igiyar hannu. Igiyar nan da kowa yake cirewa don wai tana damunshi, ka maida ita.

Na biyu, ka saita ta kafin ka hau ruwa

Ka cire ta daga Auto ka maida P, inda take aikin da kanta amma ta barka ka gyara wasu abubuwa. Ba don Auto ba ta da kyau ba, a'a, don a yawancin kyamarori in kana Auto bata barin ka taɓa maɓallin da yafi komai amfani a bakin ruwa, zan zo kanshi. Ka shiga menu ka kunna layukan nan da suke raba allo gida tara. Ka kashe zum na dijital gaba ɗaya, wannan ba zum bane, yanka hoton kawai take tana buɗa shi sai ya fito dishi-dishi, na gilashi shine na gaske. Girman hoto ka sa a mafi girma. ISO, wato ƙarfin jin haske na kyamarar, da rana ka barshi a mafi ƙanƙanta, 100 ko kusa da haka, in ƙaramin sensa gare ka kar ka wuce 400 in ba dole ba don daga nan hoto yake fara yin tsaki-tsaki, masu inci 1 zasu iya kaiwa 1600 ba matsala sosai. Ka gyara kwanan wata da agogo, amma don Allah ka kashe abun nan da yake buga kwanan wata da jan rubutu a gefen hoto, ba hoton fasfo muke ba.

Na uku, maɓallin +/- wanda shine gaba ɗaya sirrin

Anan zan daɗe don shine ya ɓata min tafiyata ta biyu. Kyamara bata san yashi ba bata san teku ba, ita dai haske take aunawa, kuma an gina ta ne ta maida duk abun da ta gani tsaka-tsaki, ba fari ba ba baƙi ba. Toh in ka nuna mata farin yashi da ruwa yana ƙyalli da sama fes, sai tace kai hasken nan yayi yawa, ta rage. In ta rage yashi ya koma ruwan toka, mu kuma da Allah ya yi mu baƙaƙe fuskarmu ta tafi gaba ɗaya. Kaga dalilin haƙoran da na faɗa ma.

Maganin shine ka danna inda aka zana +/- ka tura shi wajen ƙari, +0.7 ko +1, ka ɗauka ka duba. In fuska ta fito kuma yashi bai ƙone ya zama fari fat ba babu ko alamar sawu, toh ka dace. In ya ƙone ka dawo +0.3. Shikenan. Inda abun yake rikicewa shine mutum baƙi sanye da farar shadda ko farar jallabiya, in ka ƙara don fuska rigar ta ƙone aikin wuyan ya ɓace, in ka rage don riga fuska ta tafi. Anan kar kayi ta faɗa da maɓalli, ka jawo mutumin ƙarƙashin bishiyar kwakwa ko bakin rumfa inda inuwa ta rufe shi duka, ba rabi rana rabi inuwa ba, ko kuma ka tilasta filasha ta kunna duk da rana ce tsaka. Mutane dariya suke in sun ga filasha da rana amma ita ke cike duhun da ke ƙarƙashin hula da ido. Sai dai ƙarfinta kaɗan ne, in ka wuce taku uku ko huɗu daga mutumin ɓata batir kawai kake.

Da faɗuwar rana kuma akasin haka zaka yi, ka tura wajen ragi, -0.7 ko -1, sai jan sama ya fito sosai, kwale-kwale da mutanen ciki su zama baƙar inuwa. In kaga launin yayi sanyi ka canza saitin farin haske zuwa alamar gajimare, yana ƙara ɗumi. Abu ɗaya, in ka gama ka maida shi sifili, ni na sha mantawa washegari in yi ta mamakin me ya sami kyamara.

Wata dabarar kuma, ka saita kan fuskar mutum ka danna maɓallin ɗauka rabi, ka riƙe a haka kar ka saki, ka karkata ka tsara hoton yanda kake so sannan ka ƙarasa dannawa. Ta kama fuskar kenan ba ruwan da ke bayanshi ba.

Na huɗu, lokaci

Mu nan kusa muke da tsakiyar duniya, rana tana fitowa wajen ƙarfe 6 ta faɗi wajen 6 kusan duk shekara, kuma bata jan lokaci, tana fitowa kafin kace me ta haye sama tayi zafi. Hasken kirki awa ɗaya ne zuwa ɗaya da rabi da safe, sai kuma daga la'asar sakaliya zuwa magariba. Ni tsarina in nayi asuba bana komawa, zama nake bakin ruwa in jira. Abokan tafiyata kuwa sai ƙarfe goma suke tashi su ci su sha su yi wanka su fesa turare, sha biyu daidai su ce a zo ayi hoto, lokacin da rana take tsakar ka ido ya shige rami kowa ya yamutsa fuska. Shine bambancin hotona da nasu, ba kyamara ba.

Ka lura da inda kake tsaye ma. In kana Ada Foah kogin yana gabas da kai, saboda haka da safe rana daga bayan tsibiran take ɓullowa, lokacin hoton inuwa ne da masunta suna jefa koma ruwa yana walƙiya. Da yamma kuma rana tana bayanka ta haske tsibiran, koren kwakwa da fentin jiragen duk su fito. In kana kan tsibirin kana kallon gari sai ka juya lissafin. Lokacin hunturu, Disamba zuwa Fabrairu, hazo yana wanke launin sama ya zama fari-fari, kar ka saka sama da yawa a hoton, amma rana tana zama jan ƙwallo da zaka iya ɗauka ba tare da ta kashe ido ba, sai dai tana nitsewa cikin hazon tun kafin ta kai ruwa, kar ka tsaya jira.

Da tsakar rana me zaka yi? Ka shiga inuwa ka ɗauki ƙananan abubuwa. Ka danna alamar fure ka matsa kusa: ɓawon adode, wata dabbar ruwa mai ɓawo da ake ci, da aka tara tsibi-tsibi, igiyar taru, rubutun da suke yi a jikin jirage, abolo, wato turaren masara, da 'yan ƙananan kifin nan a faranti kafin a cinye. Ko ka kwanta kayi barci, babu laifi.

Na biyar, cikin kwale-kwale

Ku gama ciniki da mai jirgi tun a tudu, ina da ina zai kai ku, awa nawa, zai tsaya in kace ya tsaya ko a'a, kuma ku karɓi rigar kariya kowa ya saka, musamman in zaku gangara wajen Azizanya inda kogi ke haɗuwa da teku, ruwan wurin ba na wasa bane. Ka zauna gaba ko can gefen da feshi baya bugowa, igiya a wuyan hannu, kyamara cikin leda sai zaka ɗauka ka fito da ita.

Jirgi yana rawa inji yana girgiza, saboda haka ka koma S, inda kai ne kake zaɓar saurin ɗauka, a Canon Tv suke rubutawa, ka sa 1/500 na daƙiƙa, in tsuntsu kake bi ko jirgin yana gudu 1/1000. Kar ka jingina gwiwar hannu a jikin katakon jirgin, girgizar inji zata bi ta hannunka ta shiga hoton, ka manne hannuwa a ƙirjinka. Zum kuma iya yanda ka jawo iya yanda rawar take ƙaruwa, gara kace ma direba yallaɓai ɗan rage wuta mu matsa kusa. Ka kunna ɗauka a jere, wadda in ka danne take ta harbawa, cikin biyar ɗaya zai fito tsaf.

Sai layin da ruwa ya haɗu da sama. Babu abun da ke tona asirin sabon hannu kamar teku a karkace kamar zai zube ta gefe ɗaya. Amfanin layukan da nace ka kunna kenan, ka ɗora bakin ruwan kan ɗaya daga cikinsu, na sama in ruwan ne abun kallo, na ƙasa in gajimare ne, kar ka raba hoton biyu daidai. Kuma ruwa zalla ba hoto bane, da ido yana da kyau amma a allo shuɗin fili ne kawai. Ka saka wani abu a gaba, hancin jirginku, reshen kwakwa, ƙafar abokinka, yaro da filafili. Akwai siririn yashin nan bayan Azizanya da zaka tsaya kogi a hannu ɗaya teku a ɗayan, in kana so duka biyun su shiga ka buɗe zum gaba ɗaya ka nemi tudu ka ɗaga hannu sama, daga ƙasa ba zai nuna ba.

Na shida, mutane

Tsibiran nan gidajen mutane ne ba wurin kallo ba. Ka tuna yanda muke ji in baƙo ya shigo Nima ya fito da kyamara ya saita ma mai wakye ko gota ba sallama ba komai. Toh haka suma. Yawancinsu Dangme ne akwai Ewe, in baka jin yaren mai jirginku ya maka tafinta. Ka gaisa tukuna, ka nuna kyamarar ka tambaya, in an girgiza kai ka wuce. Matan da ke banda kifi ko ɓare adode, ka sayi wani abu ko kaɗan ne sannan ka roƙa, in ka ɗauka ka juya allon ka nuna mata, yawanci dariyar da zata yi bayan ta gani ita ce hoton gaske, saboda haka ka zama a shirye. Yara kar ka ɗauka sai da babba a wurin, masu wanka tsirara kuwa ka barsu kwata-kwata. Wurin tsafinsu in ka gani ka sauke hannu.

A gaɓar Gana wurare da yawa ba a fita teku ranar Talata, in jan taru kake son gani ka tambaya tun daren jiya wace rana da wane lokaci. In ka dace da farkon Agusta lokacin bikin Asafotufiam ne, gari cike, bindigogin gargajiya da hayaƙi, sai ka nemi masauki da wuri. Wajen ƙarshen shekara zuwa farkon sabuwa kuma kunkurun teku suna fitowa da dare su yi ƙwai a yashi, in aka kai ka gani kar ka kuskura ka kunna filasha, haske yana rikita su. A cikin gari kuma akwai ragowar ganuwar Kongenstein da 'yan Denmak suka gina a 1783, teku ya cinye yawancinta, hasken yamma ne ya dace da ita.

Hoton taro, don dole za a ce kai ma ka shigo: ka ɗora kyamarar kan jaka ko kujera, ba kan yashi ba, ka sa ta ƙirga daƙiƙa 10 ka ruga. Bayan magariba in haske yayi ƙasa haka zaka yi ma, ka aje ta kan abu mai ƙarfi ka sa daƙiƙa 2 don dannawar yatsanka kar ta girgiza ta.

Na bakwai, yashi da gishiri da raɓa

Yanda tawa ta farko ta mutu: na saka ta aljihun wando bayan na zauna a yashi, ƙwaya nawa ne suka shiga tsakanin zobban gilashin nan mai fitowa, na kunna tayi ƙara ƙirrr ta tsaya rabi, ba gaba ba baya. Mai gyara yace kuɗin gyaran ya kusa na sayen wata kyamarar. Don haka aljihu a'a, leda. Hannu in ya taɓa ruwan gishiri ko man kifi ka wanke ka goge kafin ka ɗauke ta. In kaga yashi a gilashi kar ka goge da riga, karce shi zaka yi, ka hure tukuna sannan ƙyalle a hankali. Da dare ka ɗan jiƙa tsumma da ruwan leda ka matse sosai ka goge jikinta, don iskar teku kanta gishiri take ɗauke da shi ko ruwa bai taɓa ta ba.

In ɗakinka akwai esi ga wani tarkon. Kyamara ta kwana cikin sanyi, ka fito da ita cikin danshin asuba, nan take gilashi yayi raɓa ciki da waje, kana kallo rana ta fito ta wuce baka ɗauki komai ba. Ya taɓa min haka na kusa kuka. Ka saka ta cikin leda ka zuge tun a ɗaki, ka aje a baranda kafin ka tafi alwala, minti ashirin zuwa talatin ta saba da iskar waje sannan ka buɗe.

In tsautsayi yasa ta faɗa ruwa kar ka kunna don ka gani ko tana aiki, ka zare batir da kati nan take, ko ba komai hotunan sun tsira. Kyamara mai shiga ruwan kuma bayan teku ka tabbatar murafanta a rufe suke ka jiƙa ta cikin ruwan daɗi kamar minti goma, ta bushe kafin ka buɗe wajen batir.

Na takwas, da ka dawo

Kar kayi ta goge hotuna a kan ɗan allon nan kana tafiya, batir yake ci kuma allon ƙarya yake, wanda kake ganin bai yi ba a kwamfuta sai kaga shine. Kana isa gida kwafe su wuri biyu kafin ka taɓa katin. Sannan ka zauna ka tace da rashin tausayi, cikin ɗari uku ka fidda ashirin, jirgi ɗaya da ka ɗauka sau tara ɗaya ya isa. Gyara kaɗan, miƙe bakin ruwan in ya karkace, ɗan ɗaga haske a fuska, kar ka cika launi har teku ya koma kamar shuɗin wanki.

In zaka tura ma mutane ta WhatsApp ka tura a matsayin dokumen, in ba haka ba matse shi zata yi duk wahalar asubar nan ta tafi a banza. Kuma ka wanke ko guda biyar ne a takarda. Ni na wanke na wata dattijuwa da ta sayar mana da kwakwa a Aflive, yana cikin jakar kyamarar na saka a leda, in Allah ya kaimu bayan babbar salla zan kai mata.